Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarakunan Zango, Limamai da Shugabannin Sana'o'i na Kumasi Kan Matsin Aiki da Ke Cin Lafiyar Mutanenmu

Iyayenmu sarakuna, ranku ya daɗe. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin direbobi, makanikai, teloli, mahauta da 'yan kasuwa, Allah ya ƙara wa nema albarka. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗanku ne, ma'aikacin jinya haifaffen Aboabo, kuma galibin aikina shi ne auna jinin mutane da sauraron abin da ke damunsu. Na zaɓi in rubuto muku a fili maimakon in bi fada-fada da zaure-zaure, saboda maganar ta shafi kowane gida daga Asawase zuwa Sabon Zango, daga Alabar zuwa Tafo da Sawaba, kuma saboda waɗanda abin ya fi ci ba za su iya tsayawa gabanku su faɗa da bakinsu ba. Maganar ita ce matsin aiki, wato halin da mutum ke shiga idan abin da ake nema daga gare shi a wurin neman abinci ya fi ƙarfinsa da lokacinsa, ga shi ba shi da ta cewa, ga shi ba ya hango ranar da abin zai sassauta. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa muku hujjarsa, shi ne cewa mafi yawan wannan matsi yadda aka tsara aikin ne ke haifar da shi, kuma a zangunanmu masu ikon gyara wannan tsari su ne ku da waɗanda ke jin maganarku.

Gajiya daban take da abin da nake nufi. Mahaucin da ya wuni a tsaye a mayankar Kaase ya gaji, amma idan ya yi wanka ya ci tuwo ya kwanta, gobe zai tashi garau. Wanda ke cikin matsi kuwa yakan kwanta jiki a mace amma ido biyu, yana lissafin bashin gobe da faɗan maigida, asuba ta yi ya tashi kamar bai kwanta ba. Likitanci ya san abin da ke faruwa a jikinsa. Idan mutum ya hangi haɗari, ƙwaƙwalwa takan umarci wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda su saki sinadaran adirenalin da kotisol, sai zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta zubo suga cikin jini, narkar da abinci ta tsaya. Wannan rahama ce daga Allah, domin da ita mutum ke tsallake gaban mota ko ya ciro yaro daga gobara, kuma an yi ta ne don ta tashi na ɗan lokaci ta sauka. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta motar da ta taho a guje da tsawar maigida ko ranar biyan haya, saboda haka wanda ke cikin fargaba kullum jikinsa na nan a ɗaure wata da watanni. Kowane bakanike a Suame Magazine ya san makomar injin da aka danne masa totur aka bar shi yana kuka daga safe har dare. Tun a 1936 wani likita mai suna Hans Selye ya nuna a Kanada cewa ɓerayen da aka daɗe ana takura wa sun samu kumburin waɗannan halittu na bisa ƙoda, da raunin garkuwar jiki, da gyambon ciki.

A jikin ɗan Adam abin yakan fara da ciwon kai, ciwon wuya da baya, rashin barci, ɓacin ciki, mantuwa da saurin fushi, kuma da yawa suna kuskuren ɗaukarsa maleriya su yi ta sayen magani a kemis. Idan ya daɗe sai ya taimaka wa hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya, ya kuma buɗe ƙofa ga ciwon damuwa mai kwantar da mutum. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da yin aiki awa 55 ko fiye a mako. Sun ce wanda ke yin irin waɗannan awoyi ya fi mai yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, ya kuma fi shi haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17. Ina roƙon ku yi lissafi da yaran da ke ƙarƙashinku. Yaron shagon da ke buɗewa ƙarfe bakwai na safe a Adum ya rufe bakwai na yamma, kwana shida a mako, awa 72 yake yi. Direban trotro da yaron motarsa da ke fita kafin asuba su ajiye mota bayan isha'i sun wuce nan nesa ba kusa ba. Abin da a can ake kira iyakar haɗari, a wurinmu ana ganinsa aikin rago ne.

Sai dai yawan awoyi ba shi kaɗai ba ne, kuma a nan nake so in daɗe. A 1967 aka fara bibiyar lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a birnin Landan, binciken da aka sani da Whitehall. Mutane sun zaci manyan ofisoshi masu ɗauke da nauyin yanke shawara su ne ciwon zuciya zai fi kashewa. Da aka duba bayan shekaru, sai aka ga masinjoji da masu tsaron ƙofa ne ke mutuwa kusan ninki uku na manyan, alhali dukansu suna da albashi tabbatacce kuma dukansu suna zuwa asibiti kyauta. Shan taba da makamantansa sun bayyana wani ɓangare ne kawai na wannan tazara. Zagaye na biyu da Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 ya nuna cewa rashin iko a kan aikin da mutum ke yi na cikin manyan dalilai. Wannan ya dace da abin da Robert Karasek ya bayyana a 1979, cewa aikin da ya fi cutarwa shi ne wanda ya haɗa nauyi mai yawa da ƙarancin ta cewa. Wani masani ɗan Suwizalan da ya yi aiki a Jamus, Johannes Siegrist, ya ƙara da cewa idan wahalar da mutum ke sha ta fi ladan da yake samu, ko ladan kuɗi ne ko mutunci ko tabbacin gobe, jiki ne ke biyan cikon.

Duk wanda ya san zango ba ya buƙatar zuwa Landan don ganin wannan. Ga yaron da aka ba wa pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, bisa sharaɗin ya kawo wani adadi kowace rana, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ko fetur ya tashi ko bai tashi ba, kuma idan ya gaza na 'yan makonni a karɓe keken, duk abin da ya riga ya zuba ya tafi. A 2023 hukumar birnin Kumasi ta hana pragya shiga tsakiyar kasuwa, hanyar da ta fi kawo fasinja ta rufe, amma nawa ne cikin masu keke suka rage kuɗin ranar da suka yanka? Ga mai koyon sana'a da ke yin shekara uku, huɗu, har biyar ba albashi sai ɗan kuɗin koko, ba ya sanin ranar da za a yaye shi, yana wanke motar masta yana kai 'ya'yansa makaranta, kuma idan ya ɓata aiki a zage shi har uwarsa a gaban kwastoma. Ga mai gadin da ke kwana a ƙofar wani da dare, da rana kuma ya tura baro a Kejetia domin albashin gadin ba ya kai shi tsakiyar wata. Ga malamin makarantar Islamiyya mai zaman kanta da ke riƙe da aji cike da yara, wanda abin da ake ba shi idan aka raba bisa kwanaki bai kai mafi ƙarancin albashin ƙasa na sidi 19.97 a rana da aka tsayar a 2025 ba, shi ma sai wata ya yi nisa. Waɗannan mutane ba Turawa ko kamfanonin waje suke yi wa aiki ba. Iyayen gidansu namu ne, da yawansu a sahun farko suke sallah.

Na mata ya fi wannan ɓoyuwa. Mai waakye da ke tashi ƙarfe biyu ko uku na dare ta hura wuta, ta wuni a cikin hayaƙi da rana, idan ta dawo gida wani aikin ne ke jiranta daga farko, kuma babu wanda ke lissafa shi a matsayin aiki. 'Yan matan da ke ɗaukar kaya a kai a kasuwa, mafi yawansu daga arewa, suna kwana cunkushe a ɗaki ɗaya ko a bakin shago. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da sunan riƙo ita ce ta farkon tashi kuma ta ƙarshen kwanciya, kuma tun da an ce 'yar gida ce, babu maganar hutu balle albashi.

Akwai kuma 'ya'yanmu da suka yi boko suka samu aiki a banki, kamfanin waya, asibiti ko makaranta, waɗanda unguwa ke ganin sun haye. Da yawansu ma'aikatan wucin gadi ne da ake sallama kafin su cika wata shida a sake ɗaukarsu, domin doka ta ce wanda ya yi wata shida a jere a wuri ɗaya a ɗauke shi tamkar ma'aikacin dindindin. An ɗora musu adadin kwastomomin da za su kawo kowane wata, saƙon shugaba na shigowa ta WhatsApp ƙarfe goma na dare, fita sallar Juma'a ma sai an roƙa kowane mako. Faransa ta kafa doka tun 2017 da ta ba ma'aikaci damar kashe wayar aiki bayan an tashi, mu kuwa wanda bai amsa ba shi ne mara biyayya. Ma'aikatan jinya irina suna ganin abokan aiki na tafiya Ingila ɗaya bayan ɗaya, aikin mutum uku ya koma kan mutum ɗaya. Sannan idan wata ya ƙare, albashin da bai ishi mai shi ba dangi sun riga sun raba shi a zuci, ga aure, ga suna, ga addu'ar mamaci, ga ankon da ba a isa a ƙi saye ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da cewa matsin aikin da aka bari ya daɗe yana kai mutum ga wani hali na ƙonewa, inda ƙarfinsa ke ƙarewa, zuciyarsa ta fita daga aikin, ƙwazonsa ya faɗi. Malamin da a da yake son yara amma yanzu bulala kawai ya sani, da nas ɗin da ke yi wa mai naƙuda tsawa, ba duka ne mugaye ba.

Ban manta cewa maigida shi ma a matse yake ba. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, jarin mutane da dama ya narke suna kallo. Gobara ta ci wani sashe na sabuwar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023, ta sake cin shaguna masu yawa a Adum a watan Maris na 2025, kuma da yawa daga waɗanda suka yi asara ba su da inshora. Mutumin da ke kwana da bashin banki a ka ba shi da sauƙin rai da safe. Amma abin da nake gani shi ne matsin yana gangarowa ne kawai, mai kaya ya matsi dillali, dillali ya matsi yaronsa, yaron ya koma gida ya sauke a kan matarsa, ita kuma a kan 'ya'ya. Ina jin wani rabo na ƙararrakin aure da ake kawowa fadarku da zaurukanku daga tasha da shago suka samo asali, ko da yake ba da wannan suna suke zuwa ba.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ƙayyade aiki awa takwas a rana ko 40 a mako, ta ba ma'aikaci hutun awa 12 tsakanin ranar aiki da ta gaba, da awa 48 a jere kowane mako, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15 tare da cikakken albashi, har ta ce duk yarjejeniyar da aka yi ta yafe wannan hutu ba ta da inganci. Mai jego tana da aƙalla mako 12. Sashe na 118 ya ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin tabbatar da lafiya da amincin wurin aiki. Dokar Yara ta 1998 ta hana ɗaukar mai koyon sana'a kafin ya kai shekara 15 ko ya gama karatun matakin farko, ta kuma hana sa yaro aikin dare, kuma a 2020 an fitar da ƙa'idoji na musamman don masu aikin gida. Rubutun ya yi kyau. Amma fiye da kashi uku cikin huɗu na masu aiki a Ghana suna cikin sana'o'in da ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma a zango rabon ya fi haka. Jami'in ƙwadago ba zai shigo shagon tela a Akwatia Line ya ƙirga awoyi ba, yaron da ya kai mastansa ƙara ofis kuwa ya gama koyon sana'a a garin nan. Inda doka ba ta kai ba, kunyar sarki da maganar liman da hukuncin shugaban tasha suna kaiwa. Dalilin rubuto muku ke nan.

Kafin mu ce komai, mutane sun riga sun nemo wa kansu mafita, kuma mafitar ce ke ba ni tsoro. Tramol da hukumar abinci da magunguna ta amince da shi na miligiram 50 ne da 100, bisa takardar likita, amma wanda ke yawo a hannun matasa na 120 ne da 225 da 250, ga kuma jar ƙwayar nan da suke kira red. Muna yawan yi musu wa'azi a matsayin 'yan shaye-shaye, alhali da yawansu ba don nishaɗi suka fara ba, sun fara ne don su iya ɗaukar buhu na hamsin ko su kai dare a kan babur ba tare da jin ciwon baya ba. Wasu kuma lemun ƙara kuzari suke ɗurawa gwangwani bayan gwangwani a kan ataya da goro, zuciya na bugu barci na gudu. Wasu caca ta waya suka faɗa, suna fatan ci ɗaya ya fitar da su. Wa'azin da ya tsaya a kan ƙwaya bai taɓa awoyin da suka sa aka nemi ƙwayar ba, rabin magana ya faɗa.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ga inda nake neman ku yi mini uzuri. Idan ma'aikaci ya kawo kuka, amsar da ya fi samu ita ce ya yi haƙuri, kuma wani lokaci a ƙara masa da cewa damuwa alamar raunin tawakkali ce. Haƙuri gaskiya ne, kuma ni da kaina na ga yadda sallah, zikiri da zama cikin jama'a ke kwantar da bugun zuciya. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne an mayar da haƙuri wa'azin na ƙasa shi kaɗai. Kun fi ni sanin cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce game da waɗanda ke ƙarƙashin mutum 'yan'uwansa ne, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, idan kuwa an ɗora a taimaka musu. Kun san umarnin a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, da hadisin da Allah ya ce shi ne abokin husumar wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ci moriyarsa bai biya shi ba. A cikin Suratul Ƙasas, dattijon da ya ɗauki Annabi Musa aiki ya faɗi adadin shekarun tun farko, ya bar masa zaɓin ƙari, ya kuma ce ba ya nufin tsananta masa. Annabi da kansa ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi da rinjayen mazaje, ya kuma gaya wa sahabin da ke wuce gona da iri a ibada cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Idan ibada ma ba a yarda ta cinye jiki ba, ina ga ɗinkin sallah? Sau nawa a shekara ake jin waɗannan daga mumbari, ana fuskantar masu shaguna da masu motoci kai tsaye?

Na san amsar da wasu shugabannin sana'a za su bayar, cewa su ma haka aka yi musu kuma ga shi sun zama mutane. Gaskiya ne sun sha wuya. Amma waɗanda wuyar ta karya ba sa cikin taron da ake wannan magana, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tsira su ne ke zuwa wurinmu a shekara hamsin da jinin da ya haura 180. Ko ta fuskar riba ma lissafin bai fita ba, domin direban da bai yi barci ba shi ne ke kifar da motar, kuma tela mai gyangyaɗi shi ne ke yanka shaddar mutane ba daidai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na asarar ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ina roƙon sarakuna su sa ya zama al'ada cewa duk wanda zai ba da yaro koyon sana'a, ko zai ba da mota ko keke a biya sannu a hankali, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a faɗi shekarun, a faɗi kuɗin, a faɗi abin da zai faru idan yaron ya yi ciwo ko abin hawan ya lalace, a kuma faɗi makomar kuɗin da ya riga ya zuba idan aka rabu. Rashin sanin gobe na cikin abubuwan da suka fi cin rai, kuma takarda ɗaya na rage shi. Fadar da ke sasanta rikicin aure da na fili za ta iya ware zama don rikicin maigida da yaronsa, inda yaron zai yi magana ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Shugabannin ƙungiyoyi kuma su tsayar da rana ɗaya cikakkiya ta hutu a mako ga kowane yaro, su tsayar da ita tare domin kada wanda ya rufe shagonsa ya ji maƙwabci ya kwashe masa kwastoma, su sa ranar biyan albashi ta zama sananniya, su kuma hana zagin iyaye da duka a wurin aiki kamar yadda suke cin tarar wanda ya tsallake layi a tasha. A watan azumi da makon sallah, lokacin da teloli ke kwana uku ba barci, a ƙayyade yawan ɗinkin da shago zai karɓa. Masu makarantu su fara gyara daga albashin malamansu kafin su yi wa kowa wa'azi.

Ga ma'aikacin da kansa, abin da ke hannunsa kaɗan ne amma yana da amfani. Ya nemi barcin awa bakwai gwargwadon iko, ya ajiye waya idan ya kwanta, ya rage gishiri da dunƙulen miya, mai aikin zama ya riƙa tafiya da ƙafa, ya samu mutum ɗaya da zai iya gaya wa cikinsa, ya shiga susu, wato adashi, don kada kowace ƙaramar matsala ta zama bashi. Ya auna jininsa ko da yana jin lafiya, domin hawan jini ba ya sallama, kuma idan awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye to maganar ta likita ce. Wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a kira 112 ko a garzaya da shi asibiti nan take, addu'a a yi ta a cikin mota. Wanda kuma ya haura mako biyu cikin ƙunci, ba ya jin daɗin komai, ba ya ci ba ya barci, ko ya fara cewa gara mutuwa, yana buƙatar ganin masana. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, akwai ma'aikatan jinya na wannan fanni a asibitocin gundumomi, ƙasar ta kafa hukuma ta musamman ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, kuma tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, saboda haka babu tsoron 'yan sanda a kan wanda ya nemi taimako. Abin da ya rage shi ne tsoron bakin unguwa, kuma kalma ɗaya daga liman cewa zuwa can ba hauka ba ne kuma ba rashin imani ba ne za ta yi aikin da mu ma'aikatan lafiya muka kasa yi.

Daga ɓangarenmu, akwai 'ya'yan zango da dama a aikin jinya da haɗa magunguna, kuma na tabbata ba za a rasa waɗanda za su ba da awa biyu bayan sallar Juma'a sau ɗaya a wata ba, su auna jini da suga a harabar masallaci ko a tasha, su tura wanda ya kamata asibiti, mata kuma a ware musu wurinsu da ma'aikaciya mace. Na'urar awon jini ba ta fi ƙarfin asusun masallaci ko na ƙungiya ba. Abin da muke buƙata daga gare ku shi ne tebur da benci, da sanarwa daga bakin liman, da umarni ga iyayen gida cewa su saki yaransu su zo, su ma kuma su miƙo hannu a auna.

Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ƙara wa malamai lafiya.

Wassalam,
Ɗanku, ma'aikacin jinya,
Aboabo, Kumasi.